MAI ATISHAWA TA TONA ASIRI

Shafi na 14

Daga alƙalamin Sakina Malbaza

Bismillahi. Kun cika min waya da saƙo tun da safe, ko koko ban sha da daɗi ba. Hassana ta Alela, ke da kika ce in ban saki shafi yau ba za ki hau kabu-kabu ki zo har ƙofar gidanmu, zauna abinki, ga shi. Wannan shafin naki ne.

*

Ƙarar babur ɗin Yari ce ta riga sallamarsa shigowa.

Salamatu na tsaye kan turmi tana goge gilashin motar marigayi mijinta da tsohon ɗankwali, sai ta diro da sauri. Yayan mijinta ba ya zuwa gidan nan ranar kasuwa. Shi ne shugaban direbobin tashar Dogarawa, ranar kasuwa ko ruwa a tsaye yake sha.

Ga wanda ya shigo mana a tsakiya, ga yadda abin yake. Dokar tashar ita ce, in direba ya rasu, lambarsa ta layin lodi tana zama a kan allo shekara biyu. Kowace kasuwa bayan la'asar a kira ta sau uku. A kasuwar ƙarshe, in motar mamacin ba ta shigo tasha da injinta, da wani na gidansa a kan sitiyari ba, sai a goge lambar a ba wani. Lambar Muttaƙa, mijin Salamatu, sha bakwai ce. Allah bai ba su ɗa namiji ba. Yau ce kasuwar ƙarshe.

Abin da Yari bai sani ba, wata bakwai ke nan Salamatu na tafiya Konni kowace Laraba da sunan saro atamfa, sai ta zarce makarantar koyon tuƙi. Mace mai shekara arba'in da shida, mai jika biyu, tana zama cikin 'yan samari tana haddace alamomin hanya. Duk abin da ya same ta kuma sai ta rubuta a wani shafi da ta buɗe a waya da sunan 'Yar Sitiyari. Mutum dubu uku ke bin ta, babu wanda ya san ko wace ce.

Baba Illo, tsohon direban da ya koya wa Muttaƙa tuƙi, yana kwance ƙarƙashin motar yana ɗaure wani kusa. Shi ya kawo batir cikin amalanke, a ƙarƙashin harawa, suka tada motar kwana uku da suka wuce, lokacin da unguwa ta watse gona. Yana jin babur sai ya ƙara shigewa ciki, ya manta ƙafafunsa a waje.

"Salamu alaikum."

"Amin alaikumus salam. Yaya, sannu da zuwa. Bari in kawo ruwa."

"Bar shi."

Ya dubi gilashin da ke ƙyalli. Ya dubi tayoyin da aka ba iska. Ya dubi ƙafafun Baba Illo. Sai ya zaro waya daga aljihu.

"Matso ki ji wani abu."

Ya danna. Wata murya mai kauri ta fito, kamar ta mace mai mura: "Salamu alaikum mabiyana, 'Yar Sitiyari ce. Yau na ce bari in gwada muku da baki, saboda 'yan uwana mata da ba su karatun boko..."

Salamatu ta aje ɗankwalin. Ta gyara fuska.

"Wace ta wagga, Yaya?"

"Ba maganar nika so ki ji ba. Saurari bayanta."

Ya ƙara sauti ya kara mata a kunne. Can ƙarƙashin muryar, a hankali, wani abu yana tafiya. Tak, tak, tak... atsha! Tak, tak, tak... atsha!

Inna lillahi. Salamatu ta ji kamar ta nutse cikin ƙasa.

Jiya fa har rawa ta taka don murna. Manhajar da take wallafa labarinta ta fito da sabon abu, mutum ya yi magana a ɗauka, har da wani maɓalli mai sauya murya. Ta gwada muryar yaro ta yi dariya, ta gwada ta tsoho ta ƙara dariya, sannan ta zaɓi mai kaurin nan ta ce ko uwar da ta haife ta ba za ta gane ta ba. Matsala ɗaya, cajin wayar ya kusa ƙarewa. Sai ta shiga mota, ta tada inji, ta jona waya, ta rufe gilashi, ta zuba labari son ranta. Ta ɓoye muryarta tsaf, ta manta ita ma motar tana da tata.

Kuma wace mota! Tun ranar da Muttaƙa ya liƙe mata salansa da gwangwanin madara take wannan atishawar, shi ya sa duk layin Konni zuwa Malbaza ake ce mata Mai Atishawa. In ta yi, Muttaƙa ya ce alhamdu lillahi a madadinta, Yari kuma daga inda yake ya amsa da yarhamukillah. Direban tasha ko barci yake, ya ji inji daga nesa zai gaya maka motar wane ce da abin da ke damunta.

"Shekara ashirin nike jin atishawag ga," in ji Yari. "Ko cikin kabari aka sa min ita, na gane ta. Ke ta 'Yar Sitiyari?"

Ta sunkuyar da kai.

"Salamatu, da ke nike!"

"Ni ta, Yaya."

"La'ilaha illallahu! Atamhwar da kike sarowa Konni ke nan? Wata bakwai kina mai da ni sakarai? Ni da hannuna nika sa ki mota, in ce ma direba shi aje min ke bakin kasuwa!"

"Bakin kasuwa shika aje ni. Ƙahwata ka ƙarasawa."

Daga ƙarƙashin mota aka ji wani ɗan tari mai kama da dariya. Yari ya harari ƙafafun.

"Ba ni makulli."

Ta ɗago za ta ba shi haƙuri, idonta ya sauka kan wayar da ke hannunsa. Shafinta ne a buɗe. A can sama, inda manhajar ke nuna sunan mai wayar, an rubuta da manyan baƙaƙe: TSOHON HANNU.

Ta ƙifta ido. Ta sake dubawa.

Jama'a, kun dai tuna Tsohon Hannu. Shi ne mutumin nan da ba ya bari sabon rubutu ya huce bai yi sharhi ba, koyaushe da manyan baƙaƙe kamar mai faɗa. Ranar da mota ta mace mata sau tara a gaban malamin tuƙi, ta rubuta cewa ta haƙura, shi ya dawo da ita hanya. Sharhinsa take fara nema kafin na kowa.

"Yaya," ta ce a hankali, "ƙaƙa anka yi kaj ji muryag ga? Sai wanda yay yi rajista ka iya buɗe ta."

"Wani yat turo min."

"Wa?"

"Wani... cikin tasha."

"Tsohon Hannu?"

Yari ya yi wuf ya kifa wayar a ƙirjinsa. Ai kuwa ya makara.

Salamatu ta zaro tata daga lalitar zane. Ta buɗe shafinta. Ta shiga sharhi tana karantawa da ƙarfi.

"KI SAKI KULOCI KAMAR KINA AJE JINJIRI MAI BARCI. Wa yar rubuta?"

"Salamatu..."

"WAGGA MATA TA HI MAZA GOMA ZUCIYA. DA TASHARMU TAKE, DA KAINA ZA NI BA TA LAYI."

"Ke, ya isa!"

"Saura guda. IN KIN ISHE RAIRAYI, GIYA TA BIYU. KADA KI ƊAGA ƘAHWA. KADA KI DUBI ƘASA, DUBI INDA ZA KI." Ta ɗago ta dube shi. "Ran da nig ga wanga, kuka niy yi. Haka Muttaƙa ka cewa, babu ragi babu ƙari. Nic ce wane bawan Allah na wanga mai bakin mijina? Ashe..."

"Baba Illo yak koya muna mu biyu," in ji Yari, yana duban ƙasa.

Baba Illo ya kasa daurewa. Ya jawo jiki ya fito, baƙin mai har a gemu, yana dariya yana riƙe ciki.

"Yari, ashe kai na! Kai da ka tara yara bakin mai shayi kana karanta musu, kana cewa ku ji mace, ku ko ribas ba ku iya ba!"

"Baba Illo, don Allah ka hita cikin maganag ga."

"Na hita. Daga ƙarƙashin mota ma na hita."

Yari bai yi dariya ba. Ya juyo kan Salamatu, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Waccan ban san ta ba! Ɗiyar wasu ta, matar wasu ta. In ta hwaɗa rami, in ce Allah sarki in kashe waya. Ke hwa? Ke amana ta. Hannuna Muttaƙa yar riƙe asibiti yac ce, Yaya ga Salamatu nan. In wani abu yas same ki bisa hanya, mi za ni ce mai gobe ƙiyama?"

"Ka ce mai na tuƙa motatai."

"Direbobi su ce Yari ya gaza riƙon iyalin ƙanenai, har mata ta hito lodi?"

"Yaya, shekara biyu kana aiko min hatsi, Allah shi saka da alheri, ban taɓa kwana da yunwa ba. Amma ba ni iya cin hatsin aike har in mutu. Lambag ga ita ta gonar da mijina yab bar min. Ga mota tsaye cikin gida, kaji na ƙwai bisa kujerun hwasinja. In anka goge sha bakwai yau, Muttaƙa ya hita tasha ke nan har abada."

Yari ya dubi motar.

"Ni ka kiran lambag ga," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Kowace kasuwa sau uku, shekara biyu, babu mai amsawa. Kin san abin da nika ji in na kira sunan ƙanena shiru ya amsa min? Na gaji, Salamatu. Yau nike son in huta. Na riga na yi ma Habibu alkawali, shekara huɗu shina jiran layi. Ba ni makulli."

Ya miƙo hannu.

To, ya za ta yi? Yayan miji ne, uba ne. Ta kwance haɓar ɗankwalinta, ta ciro makullin, ta ɗora masa a tafi. Ya jefa a aljihu ya fita ko waiwaye babu. Ƙarar babur ta yi nisa.

Salamatu ta zauna kan turmin nan ta yi kuka mai isarta. Wata bakwai! Zufar da ta sha a motar makaranta, dariyar da samari suka yi mata ranar da ta kunna abin share gilashi maimakon sigina, duk sun tafi a aljihun Yari.

"Ɗiyata, share hawaye," in ji Baba Illo. "Waya biyu za ni haɗawa, ta tashi babu makulli."

"A'a, Baba. Ba ni shiga tasha kamar ɓarauniya cikin motar mijina."

Aka yi azahar. Rana ta fara karkata. Ta ɗauki waya ta rubuta layi ɗaya tak a shafinta: "Mabiyana, tafiya ta ƙare. An karɓe makulli."

Kai! Wayar ta ɗauki kuka kamar ana kiran gobara. Wata Badi'a daga Tajaye ta ce a gaya mata wanda ya karɓa ta zo da muciya. Wani malamin lakwal, wato makarantar boko, ya rubuta dogon Faransanci da ba wanda ya karanta. Mata na ta turo hoton fuska mai kuka. Salamatu na bi ɗaya bayan ɗaya, ta san wanda take nema, kuma ta san ba zai zo ba.

Ladan ya kira la'asar. Ta yi salla. Tana sallamewa wayar ta yi ƙara sau ɗaya.

TSOHON HANNU.

Ta buɗe.

"DIREBAN ƘWARAI BA SHI DA MAKULLI GUDA. ABIN DA KE RATAYE GA MADUBI BA LAYA BA TA. KIRA UKU NA KAWAI."

Ta miƙe, ko dardumar ba ta naɗe ba.

"Baba Illo! Baba Illo! Reza!"

Wata 'yar jakar baƙar fata ce ɗinkakkiya ke lilo a madubin motar tun kafin a haifi autarta. Ko gogewa za ta yi sai ta yi bismilla ta kauce mata, don ta ɗauka tsarin hanya ne. Ta tsinke ta, ta farke ɗinkin. Babu takarda, babu rubutu. Makulli ne ya faɗo mata a cinya, naɗe cikin auduga.

Baba Illo ya tafa hannu. "Muttaƙa ɗan duniya! Wane ɓarawo ka buɗe laya?"

Dariya da kuka suka haɗe mata. Ta ɗaure zane tamau, ta cire takalmi, ta haye kujera. Baba Illo ya janye zanar da ta rufe ƙofar baya ta gidan, ya zagayo ya zauna gefenta yana ja da carbi.

Bismillahi. Ta murɗa.

Tak, tak, tak... atsha!

"Alhamdu lillahi," ta ce, ba ta ma san ta faɗa ba.

Ribas. Kuloci kamar jinjiri mai barci. Mai Atishawa ta ja da baya, ta shafi rumbu kaɗan, ta fito titin unguwa a karon farko cikin shekara biyu. Wata kaza ta yi tsalle ta taga tana kururuwa. Matan da suka dawo daga gona suka saki fartanya.

"Wa nika gani? Salamatu?"

"Ita ta wallahi! Ayyururui!"

Guɗa ta tashi. Giya ta ɗaya. Ta biyu. Ta uku! Iska ta shigo ta kaɗa mata ɗankwali. Salamatu ta ji wani daɗi da rabonta da shi tun tana yarinya, ta ji kamar ta yi ihu, ta kuwa yi.

"Sannu-sannu, ɗiyata, jaki!"

Ta kauce wa jaki. Ta wuce injin niƙa, ta wuce lakwal, ta karya kwana wajen rijiya. Sai ga gebe, busasshen rafin nan, a gabanta.

Duk wanda ya san Dogarawa ya san geben nan da ke raba unguwa da tasha. Rairayi ne zube, fari tas, wanda ya sha kunyata ƙwararrun direbobi. A ƙetarensa ga ƙofar tasha, ga jama'ar kasuwa dafifi. Daga can ta jiyo lasifika, da muryar da ta sani.

"Lamba sha bakwai! Muttaƙa!"

Kira na ɗaya.

Ta mai da giya ta biyu. Ta taka totur. Tayoyin gaba suka faɗa rairayi, sitiyari ya fara fizgar hannunta hagu da dama kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa.

"Riƙe ta! Kada ki yi hwaɗa da ita, riƙe kawai!"

"Lamba sha bakwai! Muttaƙa!"

Na biyu.

Motar ta yi nauyi. Inji ya ɗauki gurnani, rairayi na tashi ta baya, gudun na raguwa, na raguwa. Ƙafarta ta ce a ɗaga. Idonta ya ce a dubi ƙasa. Ta dantse leɓe, ta kafa ido kan ƙofar tasha, ta danne totur har ƙasa.

Ta kasa kunne tana jiran kira na uku. Shiru. Sai tari ta cikin lasifika. Sai kuma wani tarin. Sannan ta ji Yari na cewa a ba shi ruwa, wani abu ya tsaya masa a wuya. Mutumin da bai taɓa jinkirta kira ba ko da na numfashi ɗaya!

Atsha! Mai Atishawa ta yi wata zabura, tayoyin baya suka kama ƙasa mai tauri. Ta fito! Ta haura gangaren da ƙarfinta, ta kunno kai ƙofar tasha, mutane na watsewa, mai rake ya bar rakensa.

"Lamba sha bak..."

Ba a gaya mata ta ɗaga ƙafa ba, ita kuwa ba ta ɗaga ba. Motar ta miƙe tsakiyar tasha, ta nufi allon lambobi, inda Habibu ke tsaye da jiƙaƙƙen tsumma a hannu.

"Burki!" in ji Baba Illo, carbi ya tsinke.

Sai lasifika ta tsage, duk kasuwar Dogarawa ta ji:

"ƊAGA ƘAHWA, 'YAR SITIYARI! ƊAGA YANZU! KULOCI DA BURKI!"

Ta ɗaga. Ta taka biyun tare.

Ƙiiii!

Hancin motar ya tsaya taki ɗaya daga allon. Ga sha bakwai nan da farin alli, daidai idonta, ba a taɓa ta ba.

Tashar ta yi tsit. Injin kaɗai ke magana. Tak, tak, tak... atsha!

Yari na tsaye kan benci, lasifika a baki, hawaye na bin gemunsa.

"Yarhamukillah," ya ce.

Salamatu ta kifa kai kan sitiyari.

Habibu ya dubi matar da ke cikin mota. Ya dubi direbobin da suka fara zaro wayoyinsu suna kallon juna. Ya yar da tsumman, ya tako har gaban bencin.

"Shugaba," ya ce, "wane suna naj ji ka kira ta da shi?"